Makin Bashi ko Cikakken Rahoto: Wanne Za Ka Nema Kafin Ka Tunkari Banki, Kuma a Wajen Wa?

A Kantin Kwari ko kasuwar Singa, idan yaro ya zo neman a ba shi kaya bashi, Alhaji ba ya tambayar takarda. Abin da yake son ji shi ne yaron wa ne, wa ya taɓa ba shi kaya, ya cika alkawari ko sai da aka yi ta zarya a ƙofar gidansu. Kafin la'asar ya gama jin labarinsa daga bakin mutum uku. Banki ma haka yake yi, sai dai shi ba maƙwabcin shago yake tambaya ba. Lambar BVN ɗinka yake shigarwa a kwamfuta, sai wani kamfani da ke Legas ya turo masa tarihin rancen da aka rubuta da sunanka: wa ya ba ka, nawa ne, yaushe, ka biya a kan lokaci ko ka makara, kuma nawa ya rage.

Kamfanoni uku ne Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya ba lasisin wannan aiki: CRC Credit Bureau, FirstCentral Credit Bureau da CreditRegistry. Dokar da ke tafiyar da su ta fito a 2017, Farfesa Yemi Osinbajo ne ya sa mata hannu lokacin yana muƙaddashin shugaban ƙasa, kuma ta ba kowane mutum damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Duk da haka, da wuya ka haɗu da wanda ya duba nasa tun kafin buƙata ta taso. Sai an mayar da mutum hannu rabbana, ma'aikacin banki ya ce masa "Malam, akwai matsala a BVN ɗinka", sannan ya fara tambayar inda ake dubawa.

Wanda ya yi niyyar dubawa zai tarar da zaɓi iri-iri a gabansa: maki ko cikakken rahoto, kamfani ɗaya ko duka ukun, na kyauta ko na kuɗi, da kansa ko ta hannun wani. Ga wanda ke shirin neman rance nan da 'yan watanni, amsar ita ce cikakken rahoto, daga duka ukun, kuma da hannunsa. Dalilan suna da ɗan tsawo, kuma akwai waɗanda wannan amsa ba ta dace da su ba.

Abin da maki ke faɗa da abin da yake ɓoyewa

Makin bashi lamba ce guda mai alƙaluma uku da kwamfuta ke fitarwa bayan ta auna tarihinka. Na CRC an gina shi tare da kamfanin FICO na Amurka, yana farawa daga 300 ya tsaya a 850. Na CreditRegistry, wanda suke kira SMARTScore, daga 100 yake zuwa 999. FirstCentral ma yana da nasa. A wajensu duka hawan lamba alheri ne, saukarta kuma alamar haɗari. Amma tunda ma'aunan ba ɗaya ba ne, kwatanta makin wannan kamfani da na wancan kamar kwatanta tiya ne da mudu. Wanda ya samu 800 a CRC saura 50 ya kai ƙololuwa, mai 800 a CreditRegistry kuwa da sauran 199 a gabansa. Don haka idan wani ya ce maka makinsa 700, tambayar farko ita ce a wane kamfani.

FICO ya bayyana yadda yake raba nauyi a makinsa na Amurka. Kashi 35 cikin 100 na tarihin biya ne, kashi 30 na yawan bashin da ke kanka yanzu, kashi 15 na daɗewarka a harkar rance, kashi 10 na sababbin rancen da ka nema, sauran kashi 10 kuma na ire-iren rancen da ka taɓa riƙewa. Kamfanonin gida kowa da yadda yake daidaita lissafinsa, amma ginshiƙan ke nan. Abu biyu na farko sun cinye kusan kashi biyu cikin uku, wato makara wajen biya da tara bashi su ne ke kayar da maki, sauran duk rakiya suke yi. Na huɗun ne ke kama masu manhajojin rance: mutum ya sauke manhaja biyar a mako ɗaya yana gwada sa'a, duk wadda ta duba tarihinsa ta bar sawu, mai ba da rance na gaba kuma ya karanta wannan sawu a matsayin alamar mutum ya matsu. Duba naka da kanka ba ya cikin wannan lissafi.

Inda maki ya gaza shi ne ba ya faɗin dalili. A ɗauki mutum biyu da makinsu ya faɗi ƙasa. Na farko malamar makaranta ce da ta karɓi rancen albashi na naira 200,000, aka cire mata har ƙarshe, amma saboda albashin wani wata ya makara da kwana tara, ruwan naira 3,400 ya rage a asusun rancen ba wanda ya gaya mata, ya kwana ya tashi har ya haura shekara. Na biyu mai sayar da waya ne a Farm Centre da ya ci rance a wurare huɗu ya daina ɗaga waya. Maki zai nuna su biyun a matsayin masu haɗari. Rahoto ne kaɗai zai nuna cewa matsalar malamar ta kuɗin cefanen yini ɗaya ce da wasiƙa guda, ta ɗayan kuwa taurin bashi ne na gaske.

Cikakken rahoto da Turanci yake zuwa, amma abin da ya fi muhimmanci a cikinsa lambobi ne, kuma lamba ba ta buƙatar tafinta. A sama akwai bayananka: suna, ranar haihuwa, BVN, lambobin waya, adireshi. Kada a tsallake wannan ɓangare. A garin da Muhammad, Mohammed da Muhammadu duk mutum ɗaya ne, Abubakar kuma wani lokaci Garba ne a wata takardar, ga kuma tarin mutanen da aka rubuta musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa, cakuɗa bayanan mutum biyu ba abin mamaki ba ne, musamman a tsofaffin rancen da aka ba da kafin BVN ya zo a 2014. Idan ka ga adireshin unguwar da ba ka taɓa zama ba ko lambar wayar da ba taka ba, to ka karanta sauran shafukan da ido biyu.

Bayan haka sai jerin rancen, kowanne da layinsa: sunan wanda ya bayar, ranar da aka buɗe, adadin farko, abin da ya rage, abin da lokacin biyansa ya wuce, da yawan kwanakin makara. Wannan na ƙarshe shi ne zuciyar rahoton. A ƙa'idar CBN ga manyan bankuna, rancen da aka haura kwana 90 ba a biya ba ya fita daga sahun masu lafiya. Daga 90 zuwa 180 mai rauni ne, daga 180 zuwa 360 ana shakkar dawowarsa, abin da ya wuce 360 kuma an ɗauke shi a matsayin ɓatacce. A ƙananan bankunan maikurofainans ma'aunin ya fi tsanani, don kwana 91 kawai ya isa a kira rance ɓatacce. Shi ya sa ƙaramin rancen wata uku da aka yi wa riƙon sakainar kashi kan fi ɓata rahoto fiye da babban rance da aka makara da mako biyu.

Akwai wasu abubuwa uku da ke fitowa a rahoto waɗanda mutane ba sa tsammani. Na ɗaya, rancen da ka tsaya wa wani. Sa hannu a matsayin garanto ba zumunci ba ne kawai, sunanka yana maƙale da wannan bashi har a gama biya. Na biyu, cek ɗin da ka rubuta ya dawo saboda babu kuɗi a asusu. Na uku, jerin waɗanda suka duba tarihinka da ranar da suka duba. Doka ta yarda a duba ba don rance kawai ba, har don ɗaukar aiki, ba da hayar gida da inshora. Idan ka ga sunan kamfanin da ba ka taɓa hulɗa da shi ba a wannan jeri, wani yana yawo da bayananka.

To wa maki kaɗai zai yi wa amfani? Wanda ya riga ya karanta rahotonsa, ya gyara abin gyarawa, yanzu yana son ganin ko lamba na hawa. Ga wanda bai taɓa dubawa ba, sayen maki kaɗai asarar kuɗi ne, don ko ya yi kyau ko ya yi muni sai ya koma ya nemi rahoton.

Kamfani ɗaya ko duka ukun

A kan tarihinsu, CRC wasu bankunan Najeriya ne suka haɗu suka kafa shi tare da kamfanin Dun & Bradstreet. FirstCentral shi ne wanda aka sani da XDS a da. CreditRegistry yana cikin waɗanda suka fara wannan harka a ƙasar. Lasisinsu iri ɗaya ne, doka ɗaya ke hukunta su, kuma duka ana samun su ta shafin intanet, ba sai an je Legas ba. Tambayar wanne ya fi kyau ba ta da wani amfani sosai, don ba kai ne za ka zaɓi wanda banki zai duba ba.

Bambancin gaske yana wajen masu kai musu bayani. Kamfanin rahoto ba ya ƙirƙirar komai, abin da masu ba da rance suka turo masa yake tarawa. Manyan bankuna kan bayyana a ko'ina, amma ƙaramin banki, kamfanin rance ko manhaja na iya hulɗa da ɗaya ko biyu kawai. Ko inda aka kai wa duka ukun, sabunta bayanin ba lallai ya tafi tare ba: a nan an nuna an biya an rufe, a can har yanzu bashin na nan a buɗe. CBN ya wajabta wa bankuna duba aƙalla kamfani biyu kafin su ba da rance, kuma daga nan lissafin ya fito fili. Idan ɗaya kawai ka duba, tilas banki ya ga wani rahoto da kai ba ka gani ba. Idan biyu ka duba, har yanzu ana iya dacewa da na ukun. Sai ka duba ukun ne kawai za ka shiga ofishin banki ba tare da abin da zai ba ka mamaki ba.

Yadda za a raba su kuma ya danganta da buƙata. Mai shirin neman rance ya karɓi ukun a mako ɗaya, ya shimfiɗa su gefe da gefe, ya bi layi-layi. Wanda ba shi da wata buƙata a kusa, sa ido kawai yake son yi, gara ya karɓi ɗaya duk bayan wata huɗu, misali CRC a Janairu, FirstCentral a Mayu, CreditRegistry a Satumba. Shekara za ta zagayo yana da ido a kan sunansa bai kashe ko kwabo ba.

Abin da ake buƙata bai da yawa: BVN, suna da ranar haihuwa daidai yadda suke a BVN, lambar waya, adireshin imel, wani lokaci da hoton katin shaida. Wanda ya manta BVN ɗinsa ya danna *565*0# a layin da ya yi rajista da shi, za a cire ɗan kuɗi kaɗan. Inda aka fi samun cikas shi ne rubuta suna ba yadda banki ya rubuta ba, ko saka imel ɗin da an manta kalmar sirrinsa, alhali ta nan rahoton zai iso.

Na kuɗi bai fi na kyauta gaskiya ba, rumbu ɗaya ake ɗebo su. Ana sayensa ne idan na kyauta ya ƙare ko ana son maki a haɗe. Akwai kuma tsarin biyan kuɗin sa ido, inda za a riƙa sanar da kai duk lokacin da wani abu ya canza a tarihinka. Ga yawancin mutane wannan ƙari ne da ba dole ba. Amma ya cancanci kuɗinsa ga mutum iri uku: wanda aka ƙwace wa waya da layin BVN ɗinsa a ciki, wanda ya taɓa miƙa BVN ɗinsa ga wani ejan da sunan cike fom ɗin tallafi, da wanda ya tsaya wa mutane da yawa. Batun wayar ba ƙarami ba ne a Kano. Ɓarawon da ya riƙe layinka zai iya ciro BVN da lambar nan da aka ambata, ya karɓi saƙonnin lambar sirri, ya ci rance da sunanka kafin ka gama jimamin wayar. Rufe layin da sanar da banki a ranar sun fi komai, duba rahoto bayan wata biyu kuma shi zai nuna ko an riga an yi ɓarna.

Zuwa shagon kwamfuta a taimaka maka ba laifi ba ne, muddin imel ɗinka aka saka kuma ba ka karanta wa kowa lambar sirrin da aka turo wayarka ba. Wanda za a guje wa shi ne mai cewa a ba shi kuɗi ya "wanke BVN". Babu wanda ke da wannan sabulu. Tunda bayanin daga mai ba da rance ya fito, shi kaɗai ne zai iya aika gyara, kuma ko da wani ya yi dabara ya goge layi, bayanin wata mai zuwa zai dawo da shi.

"An toshe min BVN"

Wannan magana tana rufe abubuwa huɗu mabambanta, kuma kowanne da ƙofar da ake bi. Na farko shi ne tabo a rahoton kamfanonin nan uku, wanda ba ya hana ka amfani da asusunka, amma yana hana ka samun rance. Na biyu rumbun CBN ne na kansa da ake kira CRMS, inda bankuna ke shigar da rancen da suka bayar kuma suke dubawa kafin su ba da sabo. Gyara a nan ma ta hannun bankin da ya shigar ake yi. Na uku jerin sa ido ne na BVN, wanda ba na bashi ba ne, na waɗanda aka samu da hannu a damfara ne. Na huɗu shi ne GSI, tsarin da ya fara aiki a kan ɗaiɗaikun mutane ranar 1 ga Agusta 2020. Idan ka sa hannu a kansa lokacin karɓar rance sannan ka gaza biya, bankin zai iya ɗibar haƙƙinsa daga asusunka na wasu bankuna da ke ɗaure da BVN ɗinka, uwar kuɗi da ruwan da ya taru, ban da tarar makara. Don haka tsohuwar dabarar sauya banki a bar bashi a baya ta mutu. Kafin ka fara zarya, ka tambayi ma'aikacin banki wanne daga cikin huɗun yake nufi, idan kuma rahoton bashi ne, na wane kamfani.

Idan an ga tabo

A nan ne zaɓi ya fi tsada idan an yi kuskure. Tambaya ta farko: bashin naka ne, kuma adadin daidai ne?

Idan ba naka ba ne, ko ka biya amma ba a rufe ba, hanyar ita ce ƙorafi a rubuce. Kira a waya ko magana da baki a banki ba sa barin shaida. Ka rubuta wasiƙa zuwa ga wanda ya kai bayanin, ka ambaci lambar rancen yadda take a rahoton, ka haɗa rasit, saƙonnin alat ko takardar shige da ficen asusu, ka kai kwafi biyu a buga maka hatimi da kwanan wata a ɗaya. Ka aika irin wannan ƙorafi ga kamfanin rahoton ma, duka suna da hanyar karɓa a shafinsu. Doka ta sa wa'adin kwanakin aiki 10 a bincika a ba ka amsa. Idan aka yi shiru ko amsar ba ta gamsar ba, sai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN, kuma ana iya miƙa wasiƙar a reshensu na Kano da ke titin Legas, tare da kwafin nan mai hatimi a matsayin shaidar ka fara bi ta banki. Manhajojin rance da ba bankuna ba hukumar kare haƙƙin masu sayayya, wato FCCPC, ce ke sa musu ido. Idan wani ne ya ci rance da sunanka, ka haɗa da rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa daga kotu, don ba tare da su ba maganarka ce kawai a kan rubutun kwamfuta.

Idan kuwa bashin gaskiya ne, bashi hanji ne, yana cikin kowa, abin dubawa shi ne hanyar fita. Biya gaba ɗaya ya fi kowanne tsafta, amma akwai yadda ake yinsa. Ka nemi a rubuta maka adadin da zai rufe rancen a takamaimiyar rana, don ruwa yana ƙaruwa kullum, kuma wanda ya biya adadin makon jiya zai bar 'yar ragowar da za ta sake zama tabo. Ka biya cikin asusun kamfanin, ba asusun wani mai karɓar bashi da ya kira ka ba. Sannan ka karɓi takardar shaidar ba a binka komai. Wannan takarda ita ce garkuwarka a tsakanin lokacin da ka biya da lokacin da rahoto zai nuna, don wata-wata ake tura bayanai.

Sulhu a yafe wani ɓangare shi ne na biyu a daraja. Yana rufe bashin, amma mai karanta rahoto na iya ganin ba a biya duka ba. Duk da haka ya fi bashi buɗaɗɗe nesa ba kusa ba. Sharaɗin shi ne a rubuta yafiyar a takardar kamfani kafin ka biya ko sisi. Yafiyar baki ta ma'aikacin da gobe za a iya sauya masa reshe ba ta da amfani. Sake tsara biya, wato a tsawaita lokaci a rage na wata-wata, shi ya fi dacewa da wanda kasuwa ta ja baya amma bai kai kwana 90 ba. Bayan an haura wannan layi ana iya sake tsarawa, sai dai tabon ya riga ya hau.

Zama a jira lokaci ya goge shi ne mafi muni. Doka ta ce a riƙe bayani aƙalla shekara 6, sannan a adana shi wasu shekara 10, bashin da ba a biya ba kuma kowane wata ana sake kai rahotonsa. Ko bayan an biya, tarihin makarar ba ya ɓacewa nan take, sai dai yana rage nauyi yayin da sababbin watannin biya a kan lokaci ke taruwa a kansa.

Akwai rance iri biyu da suka cancanci a ambace su da suna, don mutane da yawa sun ɗauke su kyauta. Kuɗin korona da CBN ya fitar a 2020 ta bankin maikurofainans na NIRSAL rance ne, ba rabon gwamnati ba. Haka shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, wanda manoman shinkafa suka shiga ta ƙungiyoyi. Duk wanda ya taɓa ba da sunansa da BVN a ɗaya daga cikinsu, ko da ta hannun shugaban ƙungiya ne kuma abin da ya iso hannunsa bai taka kara ya karya ba, ya nemi wannan layi a rahotonsa tun kafin banki ya nemo masa.

Idan shafin fari ne fes

Wannan shi ya fi yawa a kasuwanninmu. Ɗan kasuwa ya shekara 20 yana karɓar dilolin atamfa bashi yana cika alkawari, Hajiya tana zubin adashi ba ta taɓa tsallake zubi ba, amma babu ko ɗaya da ya isa kwamfutar Legas, don uban gida da uwar adashi ba sa kai rahoto. A idon banki shafi fari ba tabo ba ne, amma ba shaida ba ce.

Hanyar da ake yawan ba da shawara ita ce a ci ƙaramin rance a manhaja a biya da wuri. Tana aiki ne kawai idan manhajar na kai rahoton biya, ba rahoton gazawa kaɗai ba, ga tsadar ruwa, ga gajeren wa'adi da makarar kwana biyu za ta juya ribar ta koma asara. Ga wanda ke guje wa riba ma maganar ba ta taso ba. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz, TAJBank da Lotus, suna ƙarƙashin CBN kamar kowane banki, kuma murabaha (banki ya sayi kaya ya sayar maka da ribar da aka yarda a kanta, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan) ko ijara (banki ya ba ka hayar kaya) da aka yi da su tana shiga rahoto. Ƙaramar murabaha ta abin da dama kana buƙata, injin niƙa, firiza ko kayan sola, da za a biya cikin wata shida zuwa shekara, ta fi rancen manhaja goma gina tarihi. Sai dai a lura, tarar makara a irin waɗannan bankuna sadaka ake yi da ita, amma makarar kanta ana rubuta ta daidai yadda kowane banki zai rubuta. Ko wanne aka zaɓa, a tambaya tun kafin sa hannu: wane kamfani kuke kai wa rahoto?

Wanda bai da buƙatar rance kada ya ci don kawai gina maki, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Barin cinikin shago ya riƙa bi ta asusu ko na'urar POS yana gina wata shaidar da banki ke dubawa tare da rahoto. Ga ma'aikaci kuma, rahoto mai kyau ba ya ɗage ma'aunin da bankuna da yawa ke bi, na kada biyan bashi ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi. Mai shago ya kuma sani cewa rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ba ta raba shi da bashin shagon. Ko kamfani ne mai cin gashin kansa, banki kan duba tarihin daraktoci ya kuma sa su tsaya wa rancen da kansu.

Maganar lokaci ita ce ta rage. Wanda ke son kuɗi a hannu lokacin kaka, ya sayi hatsi a Dawanau cikin Oktoba ko Nuwamba, ya karɓi rahotanninsa tun Yuli. Mai son kayan Sallah ya fara wata uku kafin azumi. Ƙorafi a wajen mai ba da rance da kamfanin rahoto zai iya cin wata guda, jiran sabunta bayani wani watan, na ukun kuma na sake dubawa ne a tabbatar gyaran ya hau. Wannan dubawa ta biyu da kuɗinka za ka yi ta, tunda ta kyauta ta riga ta tafi, amma kamfanin da tabon ya fito a cikinsa kaɗai za ka saya, ka kuma riƙe takardar shaidar biya a cikin fayil ɗin da za ka miƙa wa banki.